Raddi ga masu cewa yafiya makamin rago ce

Duk lokacin da aka kira zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya a fadamar Haɗeja, daga Guri zuwa Kirikasamma, sai wata magana ta sake tasowa a majalisun shayi har Kafin Hausa. Masu ita kan ce wanda aka kashe wa dangi ba ya yafewa sai in ƙarfinsa ya gaza, kuma suna kafa hujja da Kiristocin Ruwanda da suka tsira daga kisan ƙare dangi na 1994. Hujjojin nasu uku ne, kuma ɗaya ce kawai ke da ƙafafu.

Suka ce yafiya aikin mara ƙarfi ne. To, ba sai an je Kigali ba, Kaduna ma ta isa. Fasto James Wuye ya taɓa zama jagoran matasa masu ɗaukar makami, kuma a rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992 ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowa da ƙullinsa a zuci. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa sun yi shekaru suna tafiye-tafiyen aiki tare, yana raya wa ransa ya danne abokin nasa da matashin kai cikin dare, har wani malamin coci ya gaya masa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya. Shi kuma Ashafa huɗubar Juma'a ce kan abin da mutanen Ɗa'ifa suka yi wa Annabi (SAW) ta karya masa zuciya. Wane ne ragon a cikinsu?

Suka ce cocin da ke wa'azin yafiya ita ma da jini a hannunta. Nan kam sun yi gaskiya, kuma musu ba zai amfani kowa ba. A Nyange, Fada Athanase Seromba ya sa aka rushe cocinsa da katafila a kan 'yan Tutsi fiye da dubu da suka fake ciki. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure shi rai da rai a 2008, kuma a 2017 Paparoma Francis ya nemi gafara kan rawar da 'yan cocin suka taka. Sai dai masu wannan hujja sun tsallake rabin labari. Immaculée Ilibagiza, ɗalibar jami'a 'yar Katolika, ta kwana 91 a wani ɗan banɗaki tare da mata bakwai, an tokare ƙofar da kabad, makasa na kiran sunanta a tsakar gida. Wanda ya ɓoye su fasto ne, kuma Bahutu, wato ɗan ƙabilar masu farautarsu. Ta fito ƙashi da rai, ta tarar an kashe iyayenta da 'yan uwanta maza biyu. Idan Seromba shaida ne a kan addinin, wannan faston ma shaida ne.

Ta uku ita ce mafi rauni: wai yafiya tana binne adalci. A gidan yari Immaculée ta je ta samu mutumin da ya kashe mahaifiyarta ta ce ta yafe, kuma a can ta baro shi. Kotunan gargajiya na gacaca, da ake zamansu a fili gaban jama'a kamar shari'ar ƙofar dagaci, sun saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012. Sassauci na wanda ya amsa laifinsa ne ya nuna inda aka binne gawa, kuma wanda ya kwashi dukiya sai ya biya. An soki kotunan da rashin lauyoyi da kuma kawar da kai daga laifin sojojin da suka ci yaƙi, sukan kuma na kan hanya. Amma mai cewa ba a yi hukunci ba bai karanta ba.

Mutanen fadama sun san wannan tsari: a tsaya a kan gonar da aka yi wa ɓarna, a ƙiyasta, a biya, sannan a yi musafaha. Bayan kashe-kashen Yelwa na 2004, da suka jawo dokar ta-ɓaci a Filato da ramuwar gayya a Kano, Wuye da Ashafa ne suka zaunar da ɓangarorin har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a 2005.