Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nasiha Ga Mutanen Ƙasar Maska

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan nasiha ce zuwa ga malamai da 'yan kasuwa na Maska da Funtuwa da Malumfashi, game da ruwan da ke taruwa a madatsai irin Mairuwa da Gwaigwaye, da tafkunan da ke cikin fadamu. Allah ya zaunar da mutanen wannan ƙasa bisa tudu, inda ruwa ke tasowa. Gulbin Sakkwato kusa da Funtuwa ya faro, ya gangara ta Gusau, ya shiga madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima, ya wuce Argungu har ya faɗa Kwara. Watau abin da aka zubar a nan, makwabci ne zai fara shansa, sa'an nan wani bawan Allah can nesa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Duk almajirin da ya ɗauki Ishmawi ko Risala ya san hukuncin ruwa: idan najasa ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa, ba a tsarki da shi. Wannan gaskiya ne, amma hukuncin ibada ne. Malaman fiƙihu ba su ce duk ruwan da ya halatta ga alwala ya kuɓuta daga cuta ba. Zamani ya zo da abubuwan da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Maganin feshi da ake zuba wa auduga da masara, ruwan sama yakan wanke shi zuwa rafi, rafi kuwa ya kai shi madatsa, ruwa yana nan garau, alhali da dafi a ciki. Takin zamani idan ya yi yawa a ruwa sai gansakuka ta rufe shi, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke rayuwa da ita. Wanda ya nome gonarsa har bakin gaɓa, ƙasarsa ce ke zaizayewa tana cike tafki da laka. Mafi muni shi ne mai zuba Gamalin domin kifi ya taso, ya kwashe ya kai kasuwa.

Abin da ya auku a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Zamfara a shekarar 2010 ya isa ishara. Gubar dalma daga duwatsun zinariya ta shiga ƙurar gidaje da tafkunan da ake wanke su, yara wajen 400 suka rasu. A 2021 kuma amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Katsina tana cikin inda ya taɓa, asalinsa kuwa bayan gida ne da ya sadu da ruwan sha. Haka tsargiya, daga fitsarin mai ita take shiga ruwa, ta girma cikin katantanwa, ta kama yaron da ya zo wanka.

Waɗansu za su ce wannan aikin gwamnati ne. Lalle hukuma tana da nata nauyi, ita ce ke tace ruwan da ke shiga famfo. Amma makiyayi da masunci da matan ƙauye daga gaɓa suke ɗiba, ba wanda ya tace musu. Kuma a tuna da kurkunu. A 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 da ke fama da shi a Nijeriya. Ba allura ce ta kore shi ba. Mutanen ƙauyuka ne suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, suka hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki, dattawa irin su Janar Yakubu Gowon suna zagayawa suna gargaɗi. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Jama'ar da ta iya wannan, za ta iya tsare madatsa.

Shari'a ma ta riga ta nuna hanya. Cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, a babin raya matacciyar ƙasa, an ba rijiya hurumi gwargwadon abin da zai hana a cuci ruwanta ko a ƙuntata wa masu zuwa sha. To, tafkin da gari ke sha bai gaza rijiya ba. Ya kamata hakimai da dagatai da masu unguwa su shata hurumi kewaye da kowane tafki da rafi, a bar noma a cikinsa, a dasa jema da itatuwa su riƙe ƙasa. A ware mashayar dabbobi dabam da maɗebar mutane. Sarakunan ruwa su sa ido kan mai kamun kifi da guba. Kafin damina ta faɗi a yi gayya a kwashe juji daga magudanai.

'Yan kasuwa masu sayar da maganin feshi su ji tsoron Allah, kada su ɗura shi a kwalbar da ba rubutu, su gaya wa mai saye kada ya wanke tankinsa a rafi, kada kuma ya mai da galan ɗinsa tulun sha. Ribar da ta bar ɗan wani kwance ba albarka a cikinta.

Malamai kuwa nasu ya fi nauyi, domin su ake saurare. Su faɗa a huɗuba da wajen tafsiri cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana ɓata mashayar mutane da yin fitsari a ruwa mai tsayuwa. Kuma gyara daga gida yake farawa: makarantar da ke da almajirai hamsin ba ta da masai, ta aika su bakin rafi ke nan. Malami ya tara iyaye da attajiran unguwa a haƙa shadda nesa da rijiya, domin ba ya kyautu a karanta babin tsarki da safe a warware shi da yamma.

Allah ya ba da ikon ji da aikatawa, ya ba da damina mai albarka, amin. Haza wassalam.