Kunnen Gwamnati a Kan Waya: Wa Ya Tsaya, Wa Ya Zame?

Jama'a, yau za mu kai ku Amurka, domin akwai wata magana da aka yi can a shekarar 2008 wadda ya kamata duk mai waya a aljihu ya ji ta, balle ɗan kasuwa wanda cinikinsa da bashinsa da asirin gidansa duk ta cikin wayar nan suke bi. Magana ce ta kamfanonin waya da suka buɗe wa Gwamnati ƙofa ta saurari mutane ba da izinin alƙali ba, da kuma abin da masu neman shugabancin ƙasar suka yi sa'ad da aka ce a yafe wa kamfanonin.

Ga asalin abin. Tun 1978 Amurka tana da wata doka, ana ce da ita FISA, wadda ta ce in Gwamnati tana so ta saurari wayar mutum a cikin ƙasa saboda zargin leƙen asiri ko ta'addanci, sai ta je wata kotu ta musamman ta karɓo takardar izini. An kafa dokar ne bayan wani kwamitin Majalisar Dattawa ya tono yadda 'yan sandan ciki suka yi shekaru suna bin sawun masu hamayya da masu neman 'yancin baƙar fata, har da Martin Luther King. Dokar kuwa tana da haƙori: a wancan lokacin, wanda aka saurara ba bisa ƙa'ida ba yana iya kai ƙara a biya shi dala 1,000, ko dala 100 a kan kowace rana, wanda duk ya fi yawa. To, bayan harin 11 ga Satumba 2001, sai Shugaba George Bush ya ba hukumar leƙen asiri ta NSA umarni a ɓoye, ta yi saurare ba tare da ta bi ta kotun nan ba. Shekara huɗu talakawan ƙasar ba su sani ba, sai a Disamba 2005 jaridar New York Times ta fasa ƙwai.

Gwamnati kuwa ta hannun masu wayar ta bi ta yi sauraren. A 2006 wani tsohon ma'aikacin kamfanin AT&T, Mark Klein, ya fito da takardu, ya ce a ginin kamfanin da ke birnin San Francisco akwai wani ɗaki mai lamba 641A, an raba layin intanet an shigar da reshe ɗaya ciki, duk abin da ya wuce ana kwafarsa. Mutane suka tashi suka kai kamfanoni ƙara, ƙararraki wajen 40, aka tattara su gaban alƙali ɗaya, Vaughn Walker. Nan fa idon Gwamnati ya raina fata. Bush ya ce lalle Majalisa ta yi doka ta wanke kamfanonin daga abin da ya riga ya wuce, kuma duk dokar da aka kawo masa ba wannan afuwa a ciki ba zai sa mata hannu ba. Mu dai mun san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ba a karya doka ba, afuwar mene ne?

Ana cikin haka sai ga lokacin zaɓe, tilas kowane ɗan takara ya faɗi inda ya tsaya. John McCain na jam'iyyar Republican bai ɓoye ba, yana bayan afuwa. Ba mu yarda da shi ba, amma ba za mu ce ya yaudari kowa ba. A jam'iyyar Democrat wanda ya tsaya tsayin daka shi ne Chris Dodd, ɗan Majalisar Dattawa daga Jihar Connecticut. A Majalisar nan akwai wata al'ada: ɗan majalisa yana iya tashi ya yi ta magana ya hana a jefa ƙuri'a, ba a iya yanke shi sai mutum 60 daga cikin 100 sun yarda. A Disamba 2007, ana saura 'yan makonni a fara zaɓen fid da gwani a Jihar Iowa, Dodd ya bar yawon neman ƙuri'a ya koma Washington ya tare hanyar dokar, har shugabannin Majalisa suka janye ta zuwa sabuwar shekara. A farkon Janairu 2008 ya sha kaye a Iowa, ya janye daga takara.

Barack Obama fa? A Oktoba 2007 kakakinsa ya faɗa a fili cewa Obama zai goyi bayan tare hanyar kowace doka mai ɗauke da afuwar nan. Ran 12 ga Fabrairu 2008 aka kawo shawarar a cire afuwa daga cikin doka. Obama ya jefa ƙuri'ar a cire, McCain ya jefa ta a bari, Hillary Clinton ba ta zo ba, tana wurin yaƙin zaɓe. Shawarar ta faɗi, 31 da 67. Har zuwa nan Obama yana kan alkawarinsa, domin a lokacin ƙuri'ar 'yan jam'iyyarsa yake nema, su kuwa ba sa son afuwa.

Farkon Yuni ya kayar da Clinton, tutar jam'iyya ta zama tasa. Ba a yi mako uku ba, ran 20 ga Yuni, Majalisar Wakilai ta zartar da sabuwar doka da afuwa a cikinta, 293 da 129, sai Obama ya ce zai goyi bayanta. Wai ba ta cika yadda yake so ba, amma wai ƙasa tana bukatarta, kuma zai yi ƙoƙari a cire afuwar. Ran 9 ga Yuli aka sake kawo shawarar cirewa a Majalisar Dattawa, ya jefa ƙuri'ar a cire, ta faɗi 32 da 66, abin da kowa ya riga ya san zai faru. Sa'an nan mutumin da ya yi alkawarin tare hanya ya jefa ƙuri'ar a rufe muhawara, ya kuma jefa ta amincewa da dokar duka. Ta wuce 69 da 28, Bush ya sa hannu kashegari. McCain bai ko halarta ba. Clinton kuwa, wadda ba a gani ba a Fabrairu, ranar ta zo ta ce a'a. Wannan shi ake ce wa ihu bayan hari, takara ta riga ta kuɓuce mata, ba abin da za ta yi hasara.

Masu goyon bayan afuwa suna da hujjarsu, ba za mu danne ta ba. Sun ce an kai wa ƙasa hari an kashe mutum kusan 3,000, Gwamnati ta zo wa kamfanoni da takarda ta ce abin halal ne, su kuma suka taimaka da zuciya ɗaya. In aka bari aka ci su tara, gobe in an nemi taimakonsu ba za su yi ba. To, 'yan'uwa, ai wannan tsoron shi ne amfanin dokar 1978. An yanka tara ne musamman don in ɗan aiken Gwamnati ya zo ba takardar alƙali, mai kamfani ya ce masa, ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Kuma akwai wanda ya faɗi haka. Kamfanin Qwest ya ƙi ba da lissafin kiran mutanensa da ya ga ba izinin kotu. Ashe dai ana iya ƙi. Ku da kuke kasuwa kun san wannan. In fatake suka bar wa fatoma ajiya, wani ya zo ya ce hakimi ne ya aiko shi a kwance kayan, fatoman kirki sai ya ce ina shaida? Wanda kuwa ya kwance ya miƙa, sa'an nan aka yi shela an yafe masa kuma ba mai ikon kai shi gaban alƙali, wa zai ƙara sauka gidansa da kwanciyar rai? Kada kuma wani ya ce wannan maganar Turawa ce. Mu nan tun Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar katin ɗan ƙasa, a Satumba 2021 kuma hukumar NCC ta ce wa kamfanoni su kashe waya a Jihar Zamfara, suka kashe. Ko an yi daidai ko ba a yi ba, mun ga tsawon hannun Gwamnati in kamfani ya ce to.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda aka tsara afuwar. Dokar ba ta bar alƙali ya bincika ko sauraren halal ne ko haram ba. Cewa ta yi in Babban Lauyan Gwamnati ya shaida cewa an ba kamfani takarda mai cewa Shugaba ya yarda kuma an ce abin bai saɓa doka ba, tsakanin 11 ga Satumba 2001 da 17 ga Janairu 2007, to, alƙali ya kori ƙara. Watau wanda ya aika a yi ɓarna shi ne zai kawo shaidar da za ta wanke ɗan aikensa. Talaka kuwa ba tara kaɗai ya rasa ba. Kotu ce kawai wurin da zai iya tilasta wa manya su buɗe takardu ya ga abin da aka yi masa, aka rufe ta.

Babban Lauyan Bush, Michael Mukasey, ya kai shaidarsa a Satumba 2008. Obama ya ci zaɓe a Nuwamba, ya hau a Janairu 2009, lauyoyin Gwamnatinsa suka ci gaba da kare afuwar a kotu. A Yuni 2009 Alƙali Walker ya kori ƙararrakin, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disamba 2011, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren maganar a Oktoba 2012. Ba kamfani ko ɗaya da ya biya ko kwabo. Bayan wata takwas, a Yuni 2013, Edward Snowden ya fito da wata takardar sirri wadda ta umarci kamfanin Verizon ya riƙa miƙa wa NSA lissafin kiran mutanensa kullum, wa ya kira wa, yaushe, suka yi minti nawa.