Daga Allon Malam: Kowane Abin Sha da Sanyinsa

Ga bazara ta kawo jiki, kuma duk wanda ya taɓa yin watan Maris ko Afrilu a Bawku ya san rana takan kai digiri 40 ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Yendi da Salaga ma ba su tsira ba. Don haka a wannan wata zancenmu a kan abin sha ne da yadda ake ajiye shi.

Zan fara da mutanen da ba mu sha abin da suke sha. Faransawa suna da giyar inabi, kuma sun mai da ajiyarta wani ilmi mai zaman kansa. Sukan ajiye ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 12 zuwa 14, rani da damina, don abin da suka fi tsoro shi ne yau zafi gobe sanyi. A garin Rims akwai ramukan da aka haƙa cikin farin dutse, inda kwalabe ke kwana shekara da shekaru a sanyi guda. Wajen sha kuma kowace iri da nata: ja a wajen digiri 16 zuwa 18, fara a 8 zuwa 12. Sukan ce a sha ja a “zafin ɗaki”, amma ɗakinsu suke nufi, ba ɗakin kwano na Zangon Yendi da ƙarfe biyu na rana ba. Wanda ya ga an rubuta irin wannan magana a jikin kwalin magani ko na madara, ya tuna da wannan bambanci.

Giya dai haramun ce a gare mu, ba sai an faɗa ba. Abin da ya sa na kawo ta shi ne, abin da ke mai da ruwan inabi giya yana nan cikin robar sobolo da lamurje da muke buɗe baki da su. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, irin yis ɗin da ke kumbura burodi. In suka sami sukari da ɗumi sai su ci sukarin, su fitar da iska da abin maye. Masu dafa fito a unguwannin maƙwabtanmu da gangan suke ba su wannan dama. Mu kuwa da sakaci muke ba su. In kika buɗe robar sobolo kika ji ta yi tsaki, ko kika ga ta kumbura tana kumfa, to aiki ya fara. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce kwana uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar. Da zafinmu da yawan sukarinmu, ni dai ba zan kai sobolo kwana na biyu a wajen firji ba.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin hanci da harshe suna faɗa maka. Babban haɗarin yana ga madara da burkina da furar da aka dama. Masana lafiya sun ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma a ɗumin da ya yi daidai da na jikin mutum wasunsu kan ninka kansu cikin minti 20. Nakan ba 'yan ajina wannan lissafi a allo: ƙwaya ɗaya, tana zama biyu sau uku a kowace awa, awa bakwai. Amsar ta haura miliyan 2. Daga hantsi zuwa magariba ke nan. Kuma sau da yawa ɗanɗano ba ya sauyawa, sai dai cikin dare a ji yaro yana zawo da amai.

To ai akwai firji, in ji wani. Akwai. Amma firji ba ya kashe ƙwayar cuta, barci kawai yake sa ta, kuma sai in sanyinsa bai haura digiri 5 ba. Da an ɗauke wuta ta farka. Mun ga haka a shekarun dumso, daga 2012 zuwa 2016, lokacin da mata masu sana'ar ƙanƙara da burkina suka yi ta asarar jari. Firjin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kamar awa huɗu. Wanda yara ke buɗewa kowane minti biyar ba ya kai haka. Abin da ya fi muni shi ne robar da ta narke a kan tire da rana, aka mai da ita firiza da dare, gobe aka sake fitowa da ita. A hannu sanyi ƙalau, a ciki kuwa ta yi yini biyu a rana. Mai saye ba shi da hanyar ganewa, amana ce tsakanin mai sayarwa da Ubangijinta.

Iyayenmu mata ba su san digiri ba, amma dubi tsarinsu. Fura tana zaune a dunƙule, nono yana cikin ƙwaryarsa a inuwa, ba a haɗa su sai mai sha ya zo. Nono kuma tsaminsa yana tsare shi fiye da ɗanyar madara, wadda ita dole a tafasa ta. Koko da zafinsa ake sha, ba a barinsa ya huce ya yini. Ruwa kuwa na randa.

Randa ta cancanci a tsaya a kanta. Jikinta yana tsatsafo, iska ta busar da tsatsafon, ta tafi da zafin ruwan, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Shi ya sa ruwanta ya fi sanyi da hunturu da bazara, ya rage da damina in iska ta cika da laima. Mutanen Bawku sun fi na Salaga morar ta. A Jihar Jigawa ta Nijeriya wani malamin makaranta, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan dabara ta sa ya ci lambar Rolex a shekarar 2000, kuma duk mai ginin tukwane a kasuwarmu zai iya yin ta. Tana tsare tumatir da gauta da alayyafo kwanaki. Sai dai ba ta sauka zuwa digiri 5, saboda haka kada a ba ta amanar madara.

Saura ƙanƙara. Ƙanƙara ruwa ce, in ruwan da aka yi ta da shi ba mai kyau ba ne, daskarewa ba ta wanke shi. Gara a jera robobi a kusa da ita cikin kula da a fasa ta cikin abin sha. Kuma ni a ganina fura mai ƙanƙara ɓarna ce: sanyi mai yawa yana kashe ƙamshin citta da kanumfari, sai a yi ta ƙara sukari ana neman daɗin da aka kora. Sanyin randa ya ishe ta.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.