Rumbu a Bakin Teku: Abin da Gundumar Cameron Ke Koya wa Masu Tanadi

A Amurka akwai mutanen da suka ɗauki tanadin ɓacin rana tamkar sana'a. Suna tara abincin gwangwani na watanni, suna haƙa rijiya, suna kafa faifan sola, suna ajiye magunguna da man fetur, wasunsu har da bindiga da harsasai, domin ranar da lantarki zai ɗauke, kantuna su rufe, hukuma kuma ta kasa kai ɗauki. Tambayar da suka fi yi wa juna ita ce: ina ya fi dacewa mutum ya kafa gida ya rayu da gumin kansa? A wannan mako za mu ɗora wuri ɗaya a kan sikeli, wato gundumar Cameron da ke kudu maso yammacin jihar Luwiziyana, a bakin Mashigin Tekun Meksiko, dab da iyakar jihar Tekzas.

Wanda ya dubi gundumar a kan takarda zai ce an yi ta ne domin irin waɗannan mutane. Ƙasa ce mai faɗi, mutanenta kaɗan, babu ko birni ɗaya mai hukumar kansa a cikinta. Fadamunta cike suke da kifi da ƙaguwa da jatan lande da kada, agwagin daji kuma suna sauka a can da yawan gaske idan sanyi ya kama arewacin nahiyar. Ana kiwon shanu a kan jigayin da suka miƙe a gefen teku. Sanyinta ba mai tsanani ba ne, ruwan sama kuma wadatacce. Mai ƙugiya da kwalekwale da ɗan lambu ba zai kwana da yunwa ba.

Sai dai tarihin wurin yana da nasa bayanin. Ranar 27 ga Yunin 1957 mahaukaciyar guguwar Audrey ta afka wa gaɓar, ta hallaka mutum fiye da 400, akasarinsu a wannan gunduma. Da yawa daga cikinsu sun kwana a gida da niyyar tashi da safe, sai ruwa ya riga su. Ranar 24 ga Satumbar 2005 guguwar Rita ta share ƙauyen Holly Beach daga doron ƙasa. A 2008 guguwar Ike ta sake turo teku cikin gidajen da aka fara gyarawa. Ranar 27 ga Agustan 2020 Laura ta sauka kusa da garin Cameron da iska mai gudun kimanin kilomita 240 a sa'a, bayan mako shida kacal kuma Delta ta biyo sawunta.

Tsarin mai tanadi ya ginu ne a kan abu biyu: ka tara, ka zauna. A nan ne lissafin yake rushewa, domin abin da ya fi kisa a irin wannan gaɓa shi ne tudun ruwan da iska ke tunkuɗowa daga teku zuwa kan ƙasa. A lokacin Laura tsayinsa ya kai kimanin mita biyar a wasu wurare, alhali galibin gundumar ɗan kaɗan ta ɗara teku tsawo. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda masu tanadi ke alfahari da shi a wasu jihohi, a nan kabari ne. Buhunan hatsi, batura, janareto da mota duk ruwa ɗaya ke cinye su. Bayan ya janye kuma gishiri yake bari: ya gurɓata rijiya, ya ƙone ciyawar kiwo, ya kashe lambu. Dabbobin da suka tsira sai su rasa ruwan sha.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a tallar fili. Doka ta tilasta wa mai sabon gini a yankin ambaliya ya ɗaga gidansa a kan dogayen ginshiƙai, aikin da ke cin dukiya mai yawa. Inshorar ambaliya galibi ta gwamnatin tarayya ce, ƙarƙashin shirin da aka kafa a 1968. Bayan guguwoyin 2020 da 2021 kamfanonin inshora fiye da goma da ke aiki a jihar sun durƙushe, farashi kuma ya tashi. Mutumin da ya gudo nan domin ya rabu da hukuma zai tarar cewa gidansa a kan takardun hukuma yake tsaye. Ita kanta ƙasar raguwa take yi: masu binciken ƙasa na Amurka sun ƙiyasta cewa gaɓar Luwiziyana ta yi asarar kimanin murabba'in kilomita 5,000 tsakanin 1932 da 2016.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ta 'yan asalin wurin. Ƙidayar 2000 ta samu mutum 9,991 a gundumar, ta 2010 ta samu 6,839, ta 2020 kuma 5,617. Waɗannan masunta ne da makiyaya da mafarauta da suka gaji sanin fadama kaka da kakanni, sun fi kowane baƙo iya dogaro da kai. Idan su suna tattara kaya, ya kamata mai shigowa ya tsaya ya yi tunani, domin ruwa ba ya tsami banza.

Shin ke nan wurin ba ya zaunuwa? Yana zaunuwa, amma da wani irin tanadi daban. Rita ta yi ɓarna mai girma a dukiya, amma rayukan da ta ci a gundumar kaɗan ne ƙwarai, saboda kusan kowa ya fice kafin ta iso. Bambancin 1957 da 2005 bai wuce gargaɗi a kan lokaci da kuma jin gargaɗin ba. Tanadin da ke aiki a Cameron shi ne mota cike da mai tun daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, takardun gida a jaka ɗaya, dangi ko aboki can nesa da teku, da shirin kwashe dabbobi kwanaki kafin iska ta taso. Hanyoyin fita ba su da yawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ko birnin Lake Charles da ke arewa bai zama mafaka ba a 2020, domin makonni ya yi babu lantarki. Wani abin takaici shi ne, da dama daga waɗanda suka mutu bayan Laura hayaƙin janareto ne ya kashe su, wato kayan tanadin da kansa. Wannan musiba ce da gidajenmu ma suka sani.

Hukuncinmu shi ne: gundumar Cameron tana ciyar da mai ƙwazo, amma ba ta dace da wanda burinsa ya kulle ƙofa ya jira masifa ta wuce ba. A daren Audrey, ginin kotun gundumar, wanda aka yi da kuɗin jama'a, shi ne ya ba mutane da yawa mafaka. Mazauna Maiduguri da ruwan madatsar Alau ya tasa a Satumbar 2024 sun san wannan gaskiya: idan ruwa ya shigo gari, abin da ke cikin rumbu ba ya ceton mai shi, sai hanyar fita da hannun da zai karɓe shi a tudu. Duk mai neman wurin zama ya fara tambayar wace masifa ce ta saba ziyartar wurin, sannan ya auna ko tanadinsa zai iya ja da ita.