Tsohuwar Kwamfuta da Ɗan Kuɗin Ɗalibi

A hutun da ya wuce gardama ta ɓarke tsakanina da ƙanena a gidanmu na Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram, kuma na ga ya dace in kawo ta gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai ake yin irinta ba. Muna da kwamfutar tebur guda, ta gwanjo, wadda wani kawunmu ya sayo mana a Kano. Shi yana buga wasan ƙwallo da ita tare da abokansa, ni kuwa ina ɗaukar murya. Da ɗan kuɗi ya shigo hannunmu bayan an sayar da riɗi, sai ya ce a sayi katin hoto, wato abin da ke sa wasa ya gudana ba tare da sarƙewa ba. Ni kuma na ce ba da shi za a fara ba.

Sayen sabuwa dai ba ya cikin magana. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haye 1,500 a cikin 2024, kayan kwamfuta kuwa duk da Dala ake shigo da su. Saboda haka abin da ya rage wa talaka shi ne ya gyara wadda ke hannunsa gaɓa-gaɓa, ya kuma san gaɓar da zai fara taɓawa.

A ganina farkon abin saye shi ne ma'ajiyar da ake kira SSD, a maimakon tsohuwar mai faifai da ke juyawa tana gurnani. Tana daga cikin masu araha a gyare-gyaren, ita ce kuma wadda mai wasa da mai ɗaukar murya za su ji daɗinta tare. Tsohon faifan ba a yar da shi, a mai da shi wurin ajiye kwafi na biyu. Sai ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM: wanda ke da gigabayit 4 ya kai ta 8, in hali ya yi 16. Amma fa a buɗe akwatin a duba ko DDR3 ce ko DDR4 kafin a shiga mota zuwa kasuwa, gama ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Daga nan duk abin da ya saura a zuba shi a makirfo na kirki da ɗan akwatin sautin nan da 'yan sutudiyo ke kira saun-kad. Manhaja ba ta buƙatar kwabo, tun da Audacity kyauta ake samunta.

Katin hoto kuwa dawainiyarsa ba ta ƙarewa a ranar saye. Yana shan wuta da yawa, sau da dama sai an canja masa akwatin wutar kwamfutar, ga shi fankokinsa suna huci, makirfo kuma ba ya zaɓen abin da zai ji. A garin da ake dogara ga sola da batir, ko janareta bayan an janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane ƙarin wuta kuɗi ne. Ban raina hujjar ƙanena ba. Ya ce wasan na tara samari wuri guda su bar yawon banza, kuma wasu na cin abinci da shi. Gaskiya ne. Sai dai wasan yana nan, baɗi ma za a same shi, har da sabon fitowa.

Abin da ni nake so in ɗauka ba zai jira baɗi ba. Tun da injin niƙa ya shigo ƙauyukanmu waƙoƙin niƙa suka koma bakin tsofaffin mata kaɗai, kuma ba mai koya daga gare su. Haka kirarin maharba, da kiɗan gayya a gona, da waƙoƙin gaɗa waɗanda 'yan mata suka musanya da na finafinai. Ga kuma Fulani da Warjawa maƙwabtanmu, waɗanda Hausarsu kanta abin nazari ce ga mai karatun karin harshe. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, muna kuwa jin su har yau domin gidajen rediyo da kamfanonin faifai sun bi su. Tsohuwar da ke unguwarmu ba gidan rediyon da zai zo wurinta. A Birnin Kudu, kusa da mu, akwai zanen shanu a jikin duwatsu, da duwatsu masu amo waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Zanen ya tsira, amma abin da mutanen farko suka rera a gindin duwatsun ya tafi tare da su.

Wani zai ce ai waya ta isa. Ta fi babu, ban musa ba. Amma muryar da aka tura ta WhatsApp an matse ta, an zubar da wani sashenta, kuma duk wanda ya taɓa zama zai rubuta waƙar tsohuwa marar haƙora, yana neman ya rarrabe karin sama da na ƙasa, ya san abin da aka zubar ɗin. Ɗauka cikakkiya, ta sa'a guda, ba ta wuce rabin gigabayit da 'yan kai ba, ko ƙaramar SSD za ta ɗauki ɗaruruwanta. Tsufan kwamfutar ma bai hana ba. Ko da yake Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, na'urar da aka keɓe wa ɗaukar murya, ba a yawo da ita a intanet, za ta ci gaba da aikinta.

Ina roƙon malamanmu su sa wannan a cikin darasin dabarun bincike, a kuma tanadi wuri a Sashe inda kowane ɗalibi zai ajiye kwafin abin da ya ɗauko, da sunan gari da rana da yardar mai muryar. Mu dai a gida mun sayi SSD da makirfo, katin hoto sai wata kakar. Ƙanena ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana, amma shi ya riƙe makirfon ranar da muka je wurin ƙanwar kakarmu.