Sun San Yawan Buhunanmu, Ba Su San Ciwonmu Ba

Jama'ar Gedambaliya, iyayenmu da 'yan uwanmu, da mutanenmu na Doka, Basunda, Gallabat, Fashaga, Hawata da Mafaza, da duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata, domin rabin maganar tasu ce.

Maganarmu ta yau a kan ciwon daji ce, wanda wasu ke kira sankara, a asibiti kuma ake ce masa saraɗan. Ciwo ne da ba a son kama sunansa a gidajenmu. Sai a ce "wannan ciwon", a sunkuyar da kai, a yi shiru. Shirun nan yana yi wa masu mulki daɗi, domin abin da ba a faɗa ba, ba a tuhumar kowa a kansa.

Tun wajen 1945 Turawan Ingila suka fara noman tarakta a nan Gedambaliya, daga nan ya bazu a duk wilayar Gadarif. Kusan shekara 80 ke nan dawa da riɗinmu suna ciyar da Sudan. Kakanninmu sun sare dajin, iyayenmu sun yi shara da yankan riɗi, mu ma muna ciki. Duk buhun da ya shiga kasuwar amfanin gona ta Gadarif sai an auna shi, an rubuta shi, an cire zakka, an cire haraji. Ma'aikacin zakka bai taɓa ɓata hanyar gonarku ba, ko da laka ta kai gwiwa. To, mu tambaye ku: wane ma'aikaci ne ya taɓa zuwa ƙofar gidanku ya tambayi ko uwar 'ya'yanku tana jin ƙullutu a nono? Hukumar da ta iya isa ga buhu za ta iya isa ga mai buhun, in ta ga dama.

Za mu yi adalci, don ƙarya ba ta gina jam'iyya. An buɗe asibitin Zarra na Kartum a 1967. Cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira da ke Madani ta fara karɓar majinyata a 1999. An yi wasu cibiyoyi a Shandi da Marawi. A garin Gadarif akwai Cibiyar Gabas, inda ake ba da maganin kimawi, kuma ma'aikatanta sun ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu lokacin da 'yan gudun hijira suka cika garin. Allah ya saka musu da alheri. Hukuma kuma ta sa magungunan ciwon daji cikin waɗanda take cewa kyauta ne. Duk wannan mun gani, ba mu musa ba.

Sai dai ku dubi inda aka zuba ƙarfin. Kusan duka an zuba shi ne a ƙarshen hanya, inda majinyaci ke isowa bayan ciwo ya ci jiki. Likitocin Kartum da na Madani sun daɗe suna kuka da abu ɗaya: yawancin matan da ke zuwa musu da ciwon nono, wanda shi ne ya fi kama matan Sudan, suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu. A mataki na farko ƙullutun ƙarami ne, ana cire shi, mace ta koma gida ta aurar da 'ya'yanta. A mataki na huɗu ya riga ya shiga ƙashi ko hanta ko huhu, sai dai a sassauta mata zafi. Abin da ke tsakanin waɗannan matakai watanni ne, kuma watannin nan a ƙauye suke ƙarewa.

Ni mai rubuta muku wannan na gani a gidanmu. Gwaggona ta ji ƙullutun ne da damina. Ta ce bari a gama yankan riɗi. Da aka gama, aka kai ta wurin mai maganin gargajiya, aka yi shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Daga baya aka je wani ƙaramin asibiti, aka yi mata allura aka ce ƙurji ne, ba wanda ya duba ta da kyau, kuma babu mace ma'aikaciya da za ta buɗe wa jikinta. Sai da shekara ta zagayo muka isa gaban likitan da ya san ciwon. Ya dube mu ya ce ina ma mun zo bara. Maganin da aka ce kyauta ne, wani zuwan a samu, wani zuwan a miƙo mana takarda mu saya a waje. Aka sayar da awaki, aka sayar da dawar ci, aka ci bashi. Ba ta ga damina ta uku ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku. Na san babu unguwar da ba ta da irin wannan labari.

Sannan yaƙi ya zo ya tona asirin tsarin gaba ɗaya. Ranar 15 ga Afrilu 2023 Kartum ta kama da wuta, asibitin Zarra ya tsaya. Majinyata suka kwarara Madani. A Disamba 2023 Madani ta faɗa hannun dakarun Da'amu Sari', waccan cibiyar ma ta tsaya. A lokacin babu na'urar gashi mai aiki a duk gabashin Sudan. Wanda likita ya rubuta wa gashi daga Gadarif sai ya bi ta Kasala, ya bi ta Hayya da Atbara, har Marawi, in yana da kuɗin mota da na masauki. Wanda ba shi da su ya koma gida ya jira ikon Allah. Alhakin ɓarna da wawushe asibitoci yana wuyan waɗanda suka yi. Amma wa ya tara ƙwai duka a kwando ɗaya? Shekara 56 tsakanin 1967 da 2023, gwamnatoci suka zo suka wuce, ba wadda ta ajiye na'ura ko ɗaya a wilayar da ke cika rumbun ƙasa. Ko kafin yaƙi, sai mutum ya yi sama da kilomita 200 zuwa Madani, ko sama da 400 zuwa Kartum.

Za su ce muku gano ciwo da wuri yana son kuɗi da manyan na'urori. A nan Sudan aka gwada aka ga ba haka ba ne. Daga 2010 zuwa 2012, likitocin cibiyar Madani, ƙarƙashin Dakta Dafalla Abu Idris, suka koyar da 'yan matan ƙauyukan Kiremit a wilayar Jazira yadda ake duba nono da hannu. 'Yan matan suka bi gida gida, suka duba mata sama da 10,000. Suka tura 138 asibiti, 118 suka je. Aka samu 17 da ciwon, 8 daga cikinsu tun bai fara yaɗuwa ba. Sauran 101 aka ce musu ba shi ba ne, suka koma gida da kwanciyar hankali. Babu na'ura a wannan aiki, horo ne da amana. Sudan tana horar da ungozoma tun 1921 a makarantar Omdurman, kuma kusan kowane gari namu yana da tasa. Me ya hana a ƙara musu wannan ilimi, a sa musu albashi? Fiye da shekara goma da aka ga amfanin abin, har yau bai iso Gedambaliya ba.

Wasu nau'o'in ciwon ma ana iya tare su tun ba su shigo ba. Ciwon dajin bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ce mata HPV, kuma tana da allurar rigakafi. Ku da ke ƙetara Gallabat zuwa Matamma, ku tambayi maƙwabtanmu: Habasha ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 14 wannan allura tun Disamba 2018. Nijeriya ta fara a Oktoba 2023. A wace makarantar 'yan mata ta garinku kuka taɓa ganin an zo yin ta? Ga matan aure kuma akwai gwaji mai sauƙi da ruwan khal, wanda ma'aikaciyar jinya za ta iya yi cikin mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe buri a 2020: kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allura, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Mu ina muka tsaya?

Haka ciwon dajin hanta. Manyan masu kawo shi biyu ne a ƙasarmu: ciwon hanta nau'in B, da gubar funfuna da ke fitowa a gyaɗa da hatsi in an ajiye su da danshi. Na farko yana da rigakafi cikin allurar jarirai, kada ku bari a tsallake wa yaro ita. Na biyu yana son busarwa mai kyau da ma'aji busasshe, da malamin gona da zai zo ya nuna. Tsargiya da yaranmu ke ɗauka a magudanan Rahad, in ta daɗe ba magani, tana iya zama ciwon dajin mafitsara, alhali ƙwayoyinta ba su da tsada. Tumbak kuwa, wanda samarinmu da dattawanmu ke cusawa a leɓe, yana cin dasashi da baki. Wannan ba sai hukuma ta zo ba, a hannunmu yake.

Akwai kuma ƙofar da ake rufe mana tun kafin mu ga likita. Mutumin da aka haifi kakansa a bakin Rahad ko Atbarawi, in ya je neman lambar ƙasa, sai a ce ya kawo shaidu a kan shaidu don sunansa da harshensa. Marar lamba kuwa katin inshorar lafiya yana yi masa wuyar samu. Ga tsohuwar da ba ta jin Larabci sosai, likita yana bayani tana gyaɗa kai, ta fito ba ta san ranar dawowa ba.

Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauka, ku ajiye takardar nan ku riƙe mu da ita. Na ɗaya, a kowace mahalliya a horar da ungozomomi da 'yan mata masu duba nono da bakin mahaifa, a biya su, su yi magana da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan wurin. Na biyu, allurar HPV kyauta ga 'yan mata, a makarantun boko da na allo. Na uku, na'urar gashi mai aiki a Gadarif, da ma'aikatanta da wutarta da kuɗin gyaranta, da ɗakin auna tsoka wanda zai ba da sakamako cikin mako biyu. Na huɗu, daga zakkar da ake cirewa a amfanin gonarmu a ware kaso sananne na kuɗin mota da masaukin majinyata, a manna lissafinsa a bango kowa ya gani. Na biyar, littafin rajista na wilaya da zai nuna mutum nawa suka kamu, daga wane gari, a wane mataki. Na shida, kada a kori majinyaci don ba shi da lamba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Duk wanda ya ce babu kuɗi, ku tambaye shi kashi nawa ya ba ta.

Kafin wannan ya tabbata, akwai abin da ba ya jiran zaɓe. Iyayenmu mata, in kun ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ku faɗa a makon nan. Haka zubar jini bayan al'ada ta ɗauke, ko bayan saduwa. Iyayenmu maza, wahalar fitsari, jini a fitsari ko a bayan gida, gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, rama ba dalili, duk ba na yin shiru ba ne. Yawancin ƙullutu ba ciwon daji ba ne, amma likita ne kawai zai raba. Maganar da ake yi cewa in wuƙa ta taɓa shi sai ya yaɗu, ba gaskiya ba ce. Jinkiri ne ke yaɗa shi. Magidanta, kada kuɗin mota ko kunya su sa ku ce a bari sai bayan kaka. Malamanmu, ku faɗa a masallaci da majalisi cewa neman magani ba ya rage tawakkali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tun 2015 ba a ƙirga ƙuri'armu ba. An yi alkawarin zaɓe, kuma ranar za ta zo da yardar Allah. Za su zo muku da sukari da shayi, su zauna a tabarmarku, su gaishe ku da Hausar da suka koya a mota. Ku karɓe su da mutunci kamar yadda muka gada. Sannan ku buɗe wannan takarda, ku karanta musu abubuwa shida ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ku ce su sa hannu a gaban mai gari da liman. Ɗan takararmu ma kada ku raga masa. Ku nemi lambar ƙasarku tun yanzu, ku yi rajista, ku fito da matanku da 'ya'yanku da suka isa, ku ba wanda ya sa hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi. Wassalamu alaikum.