Idan ido ya gaji, baki ya ɗauki aikin

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da yawa daga cikinmu sai da furfura ta fito muka koyi karatu. Mun sha zama a ajin yaƙi da jahilci da dare, a gaban fitila. To, shekaru sun ja, ido ya soma hazo, ƙananan baƙaƙe sun daina ganuwa. Ɗa ya aiko da kuɗi daga ci-rani, saƙo ya shigo salula, sai uba ya nemi yaron maƙwabta ya karanta masa. Kafin magariba duk unguwa ta san abin da ke aljihunsa. Wannan ba ƙaramin ciwo ba ne ga magidanci.

Yau akwai dabarar da ke rage wannan wahala. Kwamfuta da salula ta zamani suna iya jin magana, suna kuma iya yin magana. Aikin kashi biyu ne. Na farko, na'urar tana karanta wa mutum abin da ke rubuce a fuskarta. Na biyu, mutum yana ba ta umurni da baki: ya ce ta kira wane, ko ta rubuta saƙo, ko ta nemo labarin damina, sai ta yi.

Abin ya daɗe da somawa. A 1997 aka fitar da Dragon NaturallySpeaking, mai mayar da magana rubutu a kwamfuta. A 2006 wani saurayi makaho a ƙasar Ostareliya, Michael Curran, ya fara ƙirƙirar NVDA, mai karanta rubutu da murya. Abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Kyauta ake samun ta. A salula mai Android kuma akwai TalkBack.

Amma akwai matsala. Mafi yawan waɗannan na'urori Faransanci da Ingilishi suka fi ji. Sai a 2024 kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake yi wa salula magana da su domin bincike da rubuta saƙo. Na'ura tana koyon harshe ne daga muryoyin da aka ba ta. Idan Hausar birni kawai ta saurara, za ta yi tuntuɓe da maganar Ba'adare, ko Bagobiri, ko tsohuwar da ke ƙauyen Damagaram. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar. Bai kyautu mai raunin ido ya koyi harshen wasu kafin ya taɓa kuɗinsa ba.

Saboda haka muna da kira guda uku.

Na farko, ga malaman yaƙi da jahilci: a ware lokaci a aji domin koya wa dattawa yi wa salula magana, da ƙara girman baƙaƙe.

Na biyu, ga mu da muka iya karatu. Akwai wani aiki mai suna Common Voice, wanda Mozilla ta buɗe a 2017. Mutane suna karanta gajerun jimloli, ana ɗaukar muryarsu, na'ura ta koya daga ciki. Akwai Hausa a cikinsa. Karatun da muka samu ya isa wannan aiki. Mu ba da muryarmu, maza da mata, kowa da Hausar garinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, gargaɗi ne. Kada mu faɗi lambar sirrin kuɗinmu da ƙarfi a kasuwa ko a tasha. In na'ura za ta karanta saƙon kuɗi, mu sa abin saurare a kunne.

Wasu za su ce salular tana da tsada, wuta ba ko'ina ba, intanet na yankewa. Gaskiya ne. Amma salula ɗaya a gida ko a ƙungiyar manoma tana iya amfanar mutane da dama.

Sai dai kada na'ura ta hana mu zuwa asibiti. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma gani. Wanda ya haura shekara 40, sau da yawa tabarau kawai yake bukata. Amosanin ido yana raguwa idan ana wanke fuskar yara kullum, ana kau da ƙazanta mai tara ƙuda. Kada mu ɗiga wa ido abin da likita bai ba mu ba. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta kawar da cutar makanta ta bakin kogi, ita ce ta farko a Afirka. Ashe makanta abu ce da ake iya yaƙa.

Mu fara kai idonmu wurin likita. In ya yi iyakarsa, gani bai dawo ba, to mu nemi na'urar da ke jin Hausa, domin dattijo ya riƙe sirrinsa da kansa.